G.K. Chesterton: Limamin Coci Ne Ko Ɗan Jarida?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin jarida. Malaminmu ya ambaci wani Bature, G.K. Chesterton, ya ce ɗan ɗariƙar Katolika ne da ya yi aikin jarida, ya zama edita, ya kuma rubuta ƙagaggun labarai. Shin limamin coci ne? Kuma yaya aka yi riƙonsa da addini bai mayar da rubutunsa wa'azi ba?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Chesterton bai taɓa zama limamin coci ba. Magidanci ne da ya ci abinci da alƙalaminsa har ya bar duniya, kuma shi da bakinsa ɗan jarida yake kiran kansa.

An haifi Gilbert Keith Chesterton a Landan a 1874. Zane ya fara koyo a makarantar Slade, ya fita jami'a ba digiri, ya kama aiki a kamfanin buga littattafai. A 1901 ya auri Frances Blogg, a daidai lokacin da ya soma rubuta wa jaridar Daily News. Ya yi suna ne da adawa da yaƙin Boer da Birtaniya ta gwabza a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, alhali yawancin 'yan ƙasarsa suna tafa wa sojojinsu. A 1905 mujallar Illustrated London News ta ba shi fili na mako-mako, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1936. Shekara 31 ke nan. An ƙiyasta maƙalunsa sun kai 4,000, littattafai kuwa wajen 80.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ya daɗe yana kare addinin Kirista kafin ya shiga Katolika. Littafinsa Orthodoxy ya fito a 1908, lokacin yana ɗariƙar Angalika. Sai a 1922, yana da shekara 48, aka karɓe shi cikin cocin Katolika a garin Beaconsfield. Wanda ya karɓe shi, Fada John O'Connor, shi ne mutumin da ya kwaikwaya ya ƙirƙiri Father Brown, limamin cocin nan na ƙagaggun labaransa mai gano masu kisa, wanda labaransa suka fara fitowa tun 1910.

A labaran nan za ka sami amsar tambayarka ta biyu. Father Brown ba ya bin sawun ƙafa ko tokar taba. Shekarun da ya yi yana sauraron masu zuwa furta zunubansu ne suka sanar da shi abin da zuciyar ɗan Adam ke iya ƙullawa, da wannan sanin yake kama mai laifi, kuma ya fi damuwa da mutumin ya tuba a kan a ɗaure shi. Aƙidar tana cikin ginin labarin, ba a liƙa ta a ƙarshe ba. Wanda ba Kirista ba zai karanta ya ji daɗi, babu wanda ya tsare shi da huɗuba.

Haka ma a jarida. Masu karanta shi akasari ba 'yan Katolika ba ne, kuma Ingila ta zamanin ba ta cika yarda da Katolika ba. Dole ya kawo hujjar da abokin hamayya zai iya aunawa. Ya yi shekaru yana muhawara da marubuta George Bernard Shaw da H.G. Wells a takarda da kan dandamali, ba su yarda da juna ba, abota kuma ba ta yanke ba. Da masu ilimi suka rungumi ra'ayin hana masu raunin ƙwaƙwalwa da matalauta haihuwa wai don a gyara iri, ya yaƙe su, ya kuma fitar da littafi a kai a 1922. A ganina nan ne ya fi cancantar yabo, domin a lokacin ra'ayin shi ne na 'yan boko, mai sukarsa kuwa ana masa kallon baƙauye.

Kujerar edita gadonta ya yi. Ƙanensa Cecil ne editan jaridar New Witness. Da Cecil ya shiga soja a 1916, Gilbert ya karɓa, Cecil kuma ya rasu a Faransa a Disambar 1918. A 1925 ya buɗe G.K.'s Weekly, inda yake yaɗa ra'ayinsu shi da abokinsa marubuci Hilaire Belloc cewa dukiya ta bazu a hannun iyalai, kowa da 'yar gonarsa ko shagonsa, kada ta taru wajen manyan 'yan kasuwa ko gwamnati. Jaridar ba ta kawo riba ba. In asusu ya yi ƙasa, sai ya zauna ya rubuta sabon labarin Father Brown ya sayar, a toshe giɓin.

Akwai tabon da ba zan ɓoye maka ba. A 1912 aka yi badaƙalar Marconi, inda wasu ministoci suka sayi hannun jari a kamfanin Marconi na Amurka a lokacin da takwaransa na Ingila ke samun kwangilar gwamnati. Cecil ya kai hari da alƙalami a jarida, kotu ta same shi da laifin ɓata suna a 1913, ta ci shi tarar fam 100. Wasu daga cikin waɗanda ake zargi Yahudawa ne, sai sukar ta zarce daga laifin mutum zuwa aibata ƙabila, kuma Gilbert ya rubuta maganganu marasa kyau a kan Yahudawa a shekarun da suka biyo. Gaskiya ne daga baya ya soki Hitler, amma hakan bai goge abin da ya riga ya buga ba. A 2019 bishof na Northampton, Peter Doyle, ya ƙi buɗe binciken naɗa shi waliyyi, kuma wannan batu na cikin dalilan da ya bayar.