Ganga ba ta bin makara

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka je jana'izar wani makaɗi a unguwarku, mutumin da ya tsufa da kalangu a hammata, amma ba a taɓa fata ko sau ɗaya ba, kana tambaya ko raina sana'arsa aka yi. Ka kuma ce abokanka na cewa a goge waƙoƙinsa don kada a ƙara masa nauyi a kabari.

Ba raini ba ne. A wurinmu ganga ba ta bin makara, ko ta sarki ce. In sarki ya rasu fada tsit take yi, sai an naɗa sabo tambari ke sake magana. Makaɗi ma wanka ne da likkafani da salla, kamar kowa. Su kansu makaɗan ba su son a yi musu wani abu daban. Akan sami 'yan tauri da mafarauta a ƙauyuka su taru bayan an share makoki, a kaɗa taken mamacin, 'yan'uwansa na sana'a su yi kirari suna hawaye. Wannan ma ya ja baya tun da karatu ya yawaita.

Amma kada ka ɗauka makaɗi na tsoron ambaton mutuwa. Saurari Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo. Ana tsakiyar wasa wani mai rai, sai mawaƙi ya juya ya fara jero iyayen gidansa da suka riga mu, yana cewa Allah jiƙan wane, Allah jiƙan wane. Fili ya yi sanyi, a amsa da amin. Sai ka ga ɗan mamacin ya miƙe ya tuɓe babbar riga ya bayar. Ba daɗin murya ya biya ba. An tuna ubansa ne a bainar jama'a, aka kuma roƙa masa gafara. Akwai attajirai da hakimai da yau ko jikokinsu ba su san inda kushewarsu take ba, sunansu a bakin mawaƙi kawai ya rage. Wannan ne ya sa nake girmama sana'ar.

Maganar gogewa kuwa, malamai sun saɓa a kan kiɗa tun da daɗewa, hukuncin nasu ne. Abin da na sani shi ne waƙa ba ɗaya ba ce. Wadda aka ci mutuncin wani ko aka yi batsa, rufa wa mai ita asiri ya fi. Amma gargaɗin da Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntiginsa kafin rasuwarsa a 2015, wa zai amfana in an share shi?

In kana son yi wa makaɗin nan alheri, ka koma gidan bayan sadakar bakwai, lokacin da jama'a suka watse. Ka gai da iyalinsa, ka nemi 'yan amshinsa ka sa musu wani abu a hannu, don su ne abincinsu ya yanke rana ɗaya. Ka gaishe min da mahaifiyarka.