Tarin mahaƙin zinare: ƙura ce ko sigari?

Ɗan'uwa, ka ce mahaifinku ya shekara goma sha biyar yana fasa dutse a ramukan zinare na Anka, bai taɓa shan sigari ba, amma likita ya ce ban da tabon ƙura a huhu, hanyoyin numfashinsa ma sun toshe, shi ne kake mamaki. Allah Ya ba Baba lafiya.

Likitan bai yi kuskure ba. Ƙurar dutse kaɗai tana iya jawo ciwon toshewar hanyoyin numfashi da ake kira COPD. Ciwo biyu ne a huhu ɗaya: ɗaya tabo ne da ke sa huhu ya ƙi buɗewa, ɗayan kuma iskar ce ke shiga ta ƙi fita. Hoton ƙirji yana nuna tabon, amma toshewar sai an yi gwajin busa iska ake tabbatar da ita, idan bayan shaƙar magani iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko ta gaza kashi 70 cikin 100 na duk iskar da ya busa.

Tabon ba ya gogewa, kada mai maganin kasuwa ya ci kuɗinku. Maganin shaƙa yana sauƙaƙa numfashi sosai. Ku raba Baba da ramin, da hayaƙin itace.

Abin da na fi jin tsoro ma tarin fuka ne, domin yana saurin kama mai irin wannan huhu. Ku kai majinarsa a gwada, kyauta ne a asibitin gwamnati.