Zanen coci ya haɗa ni da saurayina

Anti barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina karanta zanen gine-gine aji uku, lakcaranmu ya raba mana aiki kowa da tsohon ginin da zai zana ya yi bayani a kai, ni sai nawa ya faɗa kan Cocin Hiripsime da ke garin Ecmiyazin a ƙasar Armeniya, wanda shugaban cocinsu Komitas ya gina a shekarar 618. Wallahi da farko raina bai so ba amma da na fara sai abin ya burge ni, ginin dutse ne zalla, daga waje kamar akwati amma ciki lunguna huɗu ne masu rabin da'ira suka tallafe kubba a tsakiya, ga ƙasar tasu da yawan girgizar ƙasa kuma yana nan tsaye sama da shekara 1400. To ranar Juma'a saurayina ya zo zance ya tarar da takardun a baje kan tabarma, yana ganin gicciye a saman kubbar ya ɓata rai wai abin har ya kai ga zana coci, yau kwana biyar ko filashin bai min ba, ga shi an sa mana rana bayan sallah. In bar aikin in faɗi kwas ɗin ne ko yaya?

Amsa:

'Yata kar ki kuskura ki ajiye aikin nan, karatu aka tura ki. Abin da kike koya yadda dutse ke ɗaukar nauyin kubba ne, kuma gobe masallaci aka ba ki da wannan ilimin za ki zana shi. Kusa da cocin naki akwai wani cocin mai suna Zibartnots da aka gina bayansa da 'yan shekaru, ya fi shi girma da ado amma tun ƙarni na 10 ya rushe, to gano dalilin da wannan ya tsaya wancan ya faɗi ai shi ne sana'arki. Ki kuma gaya masa da girgizar ƙasa ta fasa kubbar Aya Sofiya ta Istambul, wadda a lokacin babban coci ce, a shekarar 989, wani magini ɗan Armeniya mai suna Tirdat ne ya gyara ta, yau salla ake a ƙarƙashinta.

In hukuncin addini ne damuwarsa ku je wurin malami tare. Ni shirun kwana biyar ɗin ne ya fi tsaya min a rai. Ki sa yayanki ya kira shi ku zauna, ki tambaye shi gar da gar ko zai bar ki ki yi aiki bayan aure, tun kafin a kawo lefe.