Aljanin da ke jikin ƙanwata ya ce kishiyar mahaifiyarmu ce ta turo shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata 'yar shekara 17 tana faɗuwa tun bara, ta sandare, bakinta ya yi kumfa. Mai ruƙiyyar da aka kira ya ce ifritu ne daga dangin maridai, wai su ne sarakunan aljanu, sai an haɗa da bulala suke fita. Da ya matsa masa, aljanin ya yi magana da bakinta, ya ce kishiyar mahaifiyarmu ce ta turo shi. Yanzu gidanmu ba zaman lafiya, babanmu yana maganar saki, yayyena sun daina gaishe ta. Malam, ifritu ya fi ƙarfin karatu ne? Mu yarda da abin da ya faɗa? Wallahi ba na iya barci.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya, Ya huci zukatan gidanku.

Samuwar aljanu ba abin da za mu tsaya a kai ba ne, kin san shi, na san shi. Batun sunayen ma gajere ne. Ifritu ya zo a Suratun Namli aya ta 39, shi ne wanda ya ce zai kawo wa Annabi Sulaiman gadon sarauniyar Saba'i kafin ya tashi daga majalisarsa. Maridi kuwa ya zo a Suratus Saffati aya ta 7, ma'anarsa mai tsaurin kai. Duka biyun siffofi ne, Larabawa har mutum suna ce wa ifritu idan makirci da ƙarfin hali sun haɗu a jikinsa. Jerin nan na dangi-dangi, da sarakuna da fadawa da masu zama a teku, yawancinsa daga tatsuniyoyin Larabawa da littattafan tsibbu ya fito. Su ma suna da nasu dodannin kamar yadda muke da Doguwa: gul, wadda suka ce tana rikiɗa ta ɓatar da matafiyi a sahara, da si'ilat, wata irin aljana mace, da hatif mai kira ba a ganinsa. Mawaƙin jahiliyya Ta'abbaɗa Sharran har alfahari ya yi cewa ya kashe gul. Annabi (SAW) ya ce babu gul, hadisin Jabir ne a Sahihu Muslim, kuma Jahiz, marubucin Larabci wanda ya rasu a 255 bayan hijira, ya kawo bayanin cewa kaɗaici da tsoron dare a jeji ne ke haifar da irin waɗannan gane-ganen. Don haka babban suna kada ya razana ki. Babu aljanin da ya fi ƙarfin Ayatul Kursiyyu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayarki ta biyu, domin kusan kullum sai na ji irinta, kuma na gaji. Yaushe aljani ya zama shaida? A wace kotu? Mutum adili guda ɗaya ma ba ya isa a yanke wa wani hukuncin sihiri da bakinsa, sai ga muryar da ba a san mai ita ba, ta fito daga bakin yarinyar da ake tsula wa bulala, an karɓa hannu bibbiyu an ɗora wa matar uba. Suratul Hujurati aya ta 6 ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a bincika. To a ɗauka ma aljanin ne da gaske. Wanda ya shiga jikin 'yar mutane ya azabtar da ita shekara guda, akwai fasiƙin da ya kai shi? Lokacin da shaiɗan ya koya wa Abu Huraira karanta Ayatul Kursiyyu kafin barci, a hadisin Bukhari, Annabi (SAW) cewa ya yi ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Gaskiya guda da ya faɗa sai da wahayi ya tabbatar da ita. Ku wa ya tabbatar muku?

Mutane suna ganin kamar aljanu suna ganin komai, sun san wanda ya binne laya da wanda ya je wurin boka. Ki buɗe Suratu Saba'i aya ta 14. Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna gabansa suna ta aikin wahala, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Gawa a gaban idonsu ba su gane ba, amma wai sun san abin da ke zuciyar kishiyar mahaifiyarki! Nana A'isha ta ruwaito cewa kalma ɗaya ta gaskiya aljani ke fizgowa ya zuba a kunnen bokansa, su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Kuma Sahihu Muslim ya kawo cewa babban abin da Iblis ke yaba wa yaransa a kai shi ne raba miji da mata. Ga shi babanku yana maganar saki. Ki duba wa ya ci riba.

Wani abin kuma da masu wannan sana'a ba sa so a faɗa: wanda ake duka, ana tambayarsa “wa ya turo ka?” sau ashirin, zai ambaci suna don a ƙyale shi. Sunan da zai zo kuwa shi ne wanda aka saba zargi a gidan. Na zauna da iyalai da yawa a kan wannan, ban taɓa jin muryar ta ambaci baƙo daga wata ƙasa ba, kullum kishiya ce, ko uwar miji, ko maƙwabciyar da aka yi cacar baki da ita. Ba abin mamaki ba ne wannan? Mai ruƙiyya ya karɓi kuɗinsa da na turare da na zaitun ya tafi, ya bar muku gaba ta shekara da shekaru. Mai ruƙiyya na ƙwarai karatu yake yi, ba ya zama ɗan sanda yana yi wa aljani tambayoyi, kuma ba ya keɓewa da 'yar mutane.

Bulalar nan a dakatar da ita yau. Fatar ƙanwarki take sauka a kai.

Sandarewa da kumfa da kika faɗa sun yi kama da farfaɗiya, wadda ake shan maganinta mutum ya yi shekaru bai faɗi ba. Ibnul Ƙayyim da kansa a Zadul Ma'ad ya yarda akwai faɗuwar da asalinta ciwon jiki ne, aikin likita. Ku kai ta asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa, a yi mata awon ƙwaƙwalwa da ake kira EEG idan ya nema. Idan abin ya tashi ku kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali ko ruwan rubutu a baki, kada a danne ta, in ya wuce minti 5 a garzaya da ita. A nisanta ta da murhu da bakin rijiya. Ita da kanta ta riƙa karanta Falaƙi da Nasi da azkar na safe da yamma, ke ma ki tofa mata, ba ya hana shan magani.

Babanku kuwa, ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, baffa ko limamin unguwa, ya karanta masa ayar Saba'i da ta Hujurati kafin ya furta komai. Yayyenki su je su gaishe da matar babansu gobe da safe.