Turken Baba Kofur

Ɗana, jiya muna wanke jirgi ka yi mini tambaya ban amsa ba, don hankalina yana kan matar nan da ke neman raba mu da kwandon karfasa a kuɗin banza. Ka ce me ya sa makon jiya muka fita da asuba, wannan makon kuma sai rana ta take muna zaune a gaɓa kamar waɗanda suka rasa aikin yi. Ka kuma ce wannan turken mai tsaga uku da ke kafe a mashigar jirgi, wanda nake leƙawa kullum kafin in ce a tura, ko wani asiri aka binne a gindinsa. Babu asiri ko na anini. Amma amsar ba za ta zauna maka ba sai ka ji labarin wanda ya fara kafa shi, maigidana, wanda duk bakin ruwan nan na Legas daga Majidun har Agboyi suka sani da Baba Kofur. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ka zo bayan rasuwarsa da 'yan watanni, shi ya sa sunan kawai kake ji a bakina.

Mutumin ƙasar Yawuri ne, ɗan Sarkawa, an yanke masa cibiya a wani gungu a tsakiyar kogin Kwara. Ya iya iyo kafin ya iya Fatiha, haka yake faɗa yana dariya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sojan Nijeriya gaba ɗaya bai fi dubu 10 ba, sai aka shiga ɗibar samari ba ji ba gani, har kafin yaƙin ya ƙare adadin ya doshi dubu 250. Yana cikin waɗanda aka ɗiba. 'Yan makonni aka yi ana koya musu fareti da harbi, aka kawo su Legas, aka zuba su a jirgin ruwa a Apapa sai Bonny, wurin runduna ta uku, ta sojan da ke yaƙi ta ruwa ƙarƙashin Benjamin Adekunle. Da aka ji ɗan masunta ne, sai aka danƙa masa ƙaramin jirgi aka ce shi zai riƙa shiga da mutane lungunan ruwa. Shi ma ya karɓa da gadara, a ganinsa ruwa ai ruwa ne.

To kai ma ɗan kogi ne, ka san yadda muka taso. Kogi hanyarsa ɗaya, daga sama ya gangara ƙasa. Yana cika da damina, ya ragu da rani, abin na watanni ne. Ba wanda ya taɓa gaya wa Baba cewa akwai ruwan da ke cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya.

Wata safiya, a lokacin da ake turawa wajen Fatakwal kafin a kama ta a Mayun 1968, suka shiga wani lungu da jirage huɗu. Ruwa fal, har yana taɓa ganyen itatuwan nan masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo. Ya ce yana tuƙi ya ga wani busasshen ganye yana tafiya ciki, wajen tudu, maimakon ya nufi teku. Abin ya tsaya masa a rai, amma ya ce ko iska ce. Suka ɗaure jirage, suka hau. Bayan wasu sa'o'i wuta ta yi musu yawa, suka juyo da gudu, suka tarar da jiragen a zaune daram a kan taɓo, ruwa ya tafi kamar an janye tabarma. Wanda ya taka sai ya nutse har cinya. Nan suka kwanta a bayan jiragen suna jiran ruwa ya dawo, shi kuwa ruwan ba ya dawowa don an matsu. A nan ɓarɓashin bam ya shiga cinyarsa ta dama, kunnensa na hagu ya mutu. Bai taɓa gaya mini mutum nawa suka bari a wurin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Idan ya kawo nan a labarin sai ya ce in miƙo masa zare.

Wanda ya warware masa abin wani tsoho ne ɗan ƙabilar Ijo, masunci, da sojoji ke riƙe da shi yana nuna musu hanya. Ba ya jin Hausa, Baba ba ya jin yarensa. Tsohon ya tsuguna ya zana wata a taɓo da yatsa, siriri, ya ɗaga hannu sama. Ya zana rabi, ya sauke hannun zuwa ƙugu. Ya zana cikakke, ya sake ɗagawa. Daga nan ya kafa kara a bakin ruwa ya nuna masa ya zauna ya kalla. Baba yana jinyar cinya, ba inda za shi, sai ya wuni yana kallon kara. Duk iliminmu na wannan ruwa daga karan nan ya fito.

Ga yadda abin yake. Wata ne ke jan ruwan teku, rana ma tana taimaka masa. Daga cikar ruwa zuwa wata cikar awa 12 ne da minti 25, wato kusan awa shida yana shigowa, kusan shida yana fita. Waɗannan mintocin da suka hau kan sha biyun su ne suka rikita ka. Kullum ruwa yana makara da kamar minti 50. Idan yau ya cika da ƙarfe shida, gobe sai bakwai saura minti goma, jibi takwas saura ashirin. Ka tara na kwana bakwai, ka ga an kusa awa shida. Lokacin da makon jiya ruwa ke cike, wannan makon a daidai lokacin taɓo ne. Shi ya sa ka gan mu zaune.

Sannan ba kowace cika ce ɗaya ba. Da tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu zuwa sha biyar, wata da rana suna jan ruwa a layi ɗaya, sai ya cika sosai ya kuma janye sosai, gudunsa da ƙarfi. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, sai ya yi sanyi, ya ɗan hau ya ɗan sauka. Mu da muke lissafin wata saboda azumi da salla, wannan bai kamata ya ba mu wahala ba. Abin kunya ne a ce masunci Musulmi a Legas bai san nawa ga wata ba, kuma na ga da yawa.

Tsagar ƙasa a jikin turken, idan kana ganinta a waje, kada ka tura jirgi, bakin mashigar nan ba zai wuce da ku ba, farfelar inji za ta ci taɓo. Ta tsakiya, idan ruwa ya taɓa ta yana hawa, lokacin fita ke nan, kuma lokacin birgi, komar jifa, ke nan, don kifi yana biyo sabon ruwa ya hau kan tudun da ya rufe yana kiwo. Ka lura na ce yana hawa. Ruwa yana taɓa tsagar nan sau biyu, da hawa da sauka, kuma yaro mai gaggawa ba ya bambancewa. Ka jefa ganye ka ga inda ya nufa. Ta sama kuwa ba ya kai ta sai a manyan kwanakin nan na wata. Idan ka ga ya kai, ka san janyewar da za ta biyo baya mai ƙarfi ce, kada ka shimfiɗa raga a tsakiyar hanyar ruwa. Za ta kwanta, ta kwashe maka ledar Legas kaf, ka wuni kana tsinta ba kifi ko na miya. Raga tana son lokacin da ruwa ya tsaya cik tsakanin shigowa da fita.

Hawa da saukar nan namu ƙarami ne, kamu ɗaya zuwa biyu, bai kama ƙafar na Bonny ba. Sai dai wannan ruwan da Yarbawa ke kira osa ba shi da zurfi a mafi yawan wurare, kamu ɗaya ya isa ya raba jirgi mai tafiya da jirgi mai zama.

Na san za ka ce ai akwai jadawalin ruwa a waya. Akwai, kuma ban raina shi ba. Amma lissafin bakin teku yake ba ka, can mashigar manyan jirage. Kafin ruwan ya ratso ta ƙarƙashin gadoji ya iso mana nan gefen Ikorodu ya makara, kuma makararsa ba ɗaya ba ce da rani da damina. Da damina kogin Ogun yana turo ruwan daɗi da ƙarfi, balle idan an saki madatsar Oyan, sai ya danne na teku, turken ya wuni a nutse. Lokacin tarwaɗa ke nan da kifin da Yarbawa ke kira obokun, lokacin kuma kainuwar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanya. Baba ya ce da ya zo babu ita, a 1984 ta shigo ta wajen Badagry. Da rani gishiri yake shigowa, kainuwa ta yi baƙi ta mutu, ƙaguwa da jatan lande su yawaita. Baba ba ya tura jirgi sai ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe. Yanzu da ƙazantar da ke cikin ruwan nan ba zan ce ka yi ba, ka dubi kainuwa ta gaya maka.

Yadda aka yi ya zauna a Legas kuwa, gajeren labari ne. An gama yaƙi a Janairun 1970, ya samu hutu ya tafi gida, ya tarar babu gida. An kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye gungunsu, an kwashe mutane an mai da su sababbin ƙauyuka a tudu. Ya ce ya sa aka tuƙa shi har daidai inda yake zaton kabarin ubansa yake, ya yi addu'a a kan ruwa, ya juyo. Ya ci gaba da soja har lokacin da aka shiga rage yawan sojoji a ƙarshen shekarun 1970, aka sallame shi da igiya biyu. 'Yan uwansa suka kama gadi a Ikoyi da Apapa, shi ya sayi tsohon jirgi a hannun wani Ba'egun. Idan wani ya ce masa baƙo, sai ya ce a je Obalende a tambaya, Hausawa na sanye da kaki a garin nan tun 1863 da Baturen mulki Glover ya kafa rundunarsa.

Ni a 1990 na faɗo hannunsa, shekarar da aka buɗe doguwar gadar nan ta uku. Dako nake yi a kasuwar Mile 12, ya ji Hausata ya gane ɗan Kabi ne, ya ce me ɗan ruwa ke yi da buhun albasa a ka. Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada ka ji ina yabonsa ka zaci waliyyi ne. Yana da faɗa, kuma da yake kunne ɗaya ya mutu, magana yake kamar yana ba da oda a filin fareti. Na taɓa makara ya tafi ya bar ni, ya hana ni kason ranar. Abu ɗaya ne na ga ya sa shi rawar jiki don fushi: wasu yara da suka zuba gamalin, gubar kashe ƙwari, a wani lungu, kifi ya taso fari fat, manya da 'ya'ya. Ya bi su da filafili yana ɗingishi. Daga baya ya ce mini a wurin yaƙi ya ga ana jefa gurneti a ruwa don a samu na miya, a ɗebi goma a bar ɗari suna ruɓa, kuma shi ma ya ci. Bai ƙara komai a kai ba.

Duk 15 ga Janairu yakan goge lambarsa da toka, ya sa hularsa, ya hau mota zuwa dandalin Tafawa Balewa wurin tunawa da 'yan mazan jiya. Ya dawo da yamma ya cire, ya tambayi ruwa. Kuɗin fanshonsa sun sha maƙalewa, ya yi ta jeka-ka-dawo da takardu a leda, amma ban taɓa jin ya ce da ruwa ya cuce shi ba, ko ranar da muka dawo da kwando wayam. Cewa yake mu ne ba mu karanta daidai ba.

Da yanar ido ta rufe shi, sai a kawo shi bakin gaɓa a zaunar a benci. Ya tambayi nawa ga wata, ya ɗan shaƙi iska, ya ce ruwa ya juya. Warin taɓo yake ji idan ya fara buɗewa. In je in duba turke in tarar haka ne. Ana saura kwana biyu ya rasu ya sa na kawo masa igiyar awo, wadda ya ƙulla wa ƙulli uku daidai da tsagogin, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya ya miƙo mini. Itacen da kake gani ba shi ne na asali ba, ruwan gishiri da tsutsa suna cinye shi, na canza ya fi sau biyar. Da igiyar nake mayar da tsagar, ina aunawa daga kan dutsen nan na gefen mashiga, don shi ba ya motsi.

Abin da igiyar ba za ta gaya maka ba shi ne ramukan masu haƙar yashi. Inda Baba ya san ruwa iya ƙirji, yanzu sai ka soka gwangwala ta tafi duka ba ta taɓa ƙasa ba. Kada ka kuskura ka dira daga jirgi don ka ga tsagar ƙasa a waje, sai ka soka tukuna.

Gobe ka riga ni zuwa. Ka tambayi liman nawa ga wata idan ba ka riƙe ba, ka dubi turken, ka jefa ganye, ka lissafa daga lokacin da ruwa ya taɓa tsagar tsakiya yau. Idan na iso kai za ka gaya mini ƙarfe nawa za mu tura, kuma birgi za mu ɗauka ko raga. Ka zo da allurar saƙa, akwai ido huɗu da ƙaguwa ta yanke a gindin birgin.