An kama ƙanenka da salula a ɗakin jarrabawa: abin da zai biyo baya

Malam, ka ce an kama ƙanenka da salula cikin aljihu lokacin jarrabawa a makarantarsu ta nan Damagaram, an kuma kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, kana tsoron kora.

Galibi hukuncin hawa huɗu ne: gargaɗi, tsawatarwa a rubuce da ke shiga fayil ɗinsa, dakatarwa na ɗan lokaci, sai kora gaba ɗaya. Laifin farko ba kasafai yake kai wa na ƙarshen ba, amma sifili a wannan takardar abu ne mai yiwuwa.

Abin da ya fi nauyi shi ne rahoton da mai tsaron jarrabawa ya rubuta nan take. Sai ƙanenka ya nemi ya karanta shi. Salular a kashe take ko a kunne? A aljihu aka same ta ko ƙarƙashin takardar amsa? An ga darasin a cikinta? A nan ake bambance sakaci da satar amsa. Ya nemi kundin dokokin makarantar, ya rubuta bayaninsa shafi guda, ya tafi da wakilin ɗalibai.

Don Allah kada ya ƙi zuwa, domin ana iya yanke hukunci a bayansa. Kada ya musanta abin da shaidu suka gani. Ku kuma kada ku bi malamin da ya kama shi har gida da roƙo ko ɗan goro, sabon laifi ne.

In aka dakatar da shi ko aka kore shi, ku karɓi hukuncin a rubuce, ku kai wa lauya cikin makon, don ɗaukaka ƙara tana da wa'adi.