Amsa: Kurkum yana kare ƙoda?

Malam, ka tambaya ko da gaske sinadaran tsirrai suna kare ƙoda. A jikin ɓera, eh, an gani. Akan yi wa ɓeraye allurar gentamicin ko cisplatin, magungunan da aka san suna taɓa ƙoda, sai a ba wasunsu kurkumin na cikin kurkum, ko kwasetin na albasa. In an auna jini, kiriyatinin (dattin da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza) na waɗanda aka ba sinadaran yakan sauka, kumburin ƙodar ma ya ragu.

Sai dai galibi tun kafin ƙodar ta lalace ake fara ba su, alhali mutum sai ciwo ya ci ƙarfinsa yake zuwa asibiti. Ga shi kurkumin kaɗan ne hanji ke iya tsotsa. In kana da ciwon ƙoda, kada ka sha irin waɗannan sinadarai sai likitanka ya sani.